Sanarwar da Ba Ta Fita Ba

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, wasu ma ni na bar su suka ɓace, amma ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da na buɗe kwandon saƙonni masu jiran izini na tarar da sanarwar rasuwar matar Malam Sada a ciki ba. Kwana biyu sanarwar tana nan kwance. An yi wa matar wanka, an sallace ta, an kai ta makwancinta, babu mutum ɗaya daga ofishinmu a wurin, kuma ni ne na rufe ƙofar da sanarwar za ta bi ta fita. Ku da kuka shigo sashen kwamfuta kwanan nan kun ji labarin gutsi-gutsi a bakin direbobi. Gara ku ji shi cikakke daga bakin mai laifin.

A lokacin ina mataki na tara a wannan hukuma tamu ta tarayya, mai hedikwata a nan Abuja da ofisoshi a jihohi. Sashen kwamfuta mu biyu ne, ni da ogana, shi kuwa ya fi sanin kujerun ɗakin taro fiye da tasa. Don haka komai a kaina yake. Kowa Injiniya yake ce mini, ko da firinta ce ta haɗiye takarda na zo na zaro ta. Ban taɓa gyara wa kowa sunan ba, don yana yi mini daɗi.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari in yi ɗan bayani. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke ɗakin sanyi a ƙasan bene, wadda duk imel ɗin hukuma ke bi ta cikinta. A cikinta akwai abin da muke kira jerin ma'aikata. Adireshi ɗaya ne, in ka aika masa saƙo sai saba ta kwafe shi ta raba wa kowa, tun daga shugaban hukuma har direban ofishinmu na jiha mafi nisa. A shekarun nan ba a fara yayin guruf-guruf na waya ba. Abin da bai fito a jerin ma'aikata ba, a wurinmu bai faru ba.

Babu wanda ya kai Malam Sada amfani da jerin nan. Mutumin Katsina ne, ma'aikacin rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayiloli, yana mataki na shida, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Sa'an mahaifina ne. Babu wata takarda da ta ɗora masa aikin sanarwa, shi ya ɗora wa kansa. Haihuwa, ɗaurin aure, rasuwa, ko na Musulmi ko na Kirista, daga hannunsa muke fara ji. Zai rubuta sunan mamaci, da lokaci, da kwatancen gida har da launin ƙofa, sannan ya sauka ya tare direban bas ɗin ma'aikata, ya shige gaba ya zauna yana kiran mutane da sunansu ta taga. Lokacin da mahaifina ya rasu a Zariya, Malam Sada ya riga wasu yayyena isa. Bayan na dawo ne ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Injiniya, mutuwa ba ta san an tashi daga aiki ba. Sa mini abin nan a waya, in riƙa aikawa daga duk inda nake.” Ni na sa masa da hannuna, na kuma koya masa.

To mu mutane ne da ba ma iya ganin sanarwar rasuwa mu wuce. Kowa sai ya ce Allah ya jiƙan rai, kuma in za a faɗi gaskiya kowa so yake a ga ya ce. Ba wanda ke mayar da amsa ga Malam Sada shi kaɗai. Jerin ake mayar wa, saba kuma ta sake kwafe kowace addu'a ta raba wa kowa. Wani ya ce amin, ita ma amin ɗin a raba ta. Mutum ɗaya zai rasu, kafin Azahar saba ta fitar da dubban saƙonni. Na san da haka tun ranar da na kama aiki, amma tunda abin yana tafiya ban taɓa shi ba.

Farkon damina na wata shekara abin ya tsaya. An fitar da sanarwar jarrabawar ƙarin girma, sai ma'aikatan jihohi suka fara kira suna cewa ba su ga komai ba. Yawancinsu ba adireshin hukuma suke amfani da shi ba, na manyan kamfanonin imel na waje ne. Mutum ya rasa ranar jarrabawa, ya rasa shekara guda ke nan a kan mataki ɗaya. Daraktan Mulki ya kira ni ofishinsa, bai ko ce in zauna ba.

“Injiniya, ina sanarwata ta shiga?”

“Ranka ya daɗe, zan bincika.”

“Bincika da sauri. Ƙungiyar ma'aikata ta fara rubuto mini takarda.”

Binciken irin wannan tambaya uku ne, kuma har yau ba su canja ba. Ta farko, saƙon ya iso saba? Wannan a rajistarta ake gani, domin saba tana rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, da awa da minti. Ta biyu, ya fita ko yana kan layi yana jira? Ta uku, in ya fita, me ɗaya ɓangaren ya ce da ya isa ƙofarsu? Sanarwar jarrabawa ta iso, ta hau layi, amma layin ya cika maƙil, kuma kamfanonin waje suna ta dawo mana da saƙonninmu. Na kwana biyu ina karanta amsoshinsu layi-layi kafin na gane sun saka mu cikin baƙin littafi, sahun masu watsa saƙonnin banza da 'yan damfara.

Dalili biyu na gano. Na farko, jerin cike yake da adireshin mutanen da suka yi ritaya da waɗanda suka rasu, don babu wanda ya taɓa samun ƙarfin zuciyar sa hannu a cire sunan mamaci. Duk saƙon da aka aika musu dawowa yake, kuma kamfanonin suna ƙirgawa. Na biyu shi ne ta'aziyya. A makon nan an yi mana rasuwa uku a jere. Na'urar da ke can wata ƙasa ta ga saƙonni iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya, suna ta kwarara daga wuri ɗaya cikin awa guda, ta yanke hukuncin cewa mu mutanen banza ne. Ba ta san ta'aziyya ba, ba kuma wanda zai yi mata bayani.

Na share matattun adireshi daga jerin, na cike takardun roƙo na kamfanonin, suka cire mu tare da gargaɗin in muka sake za mu daɗe a ciki. Daga nan na hau sama da shawarata, ina ji da kaina. Na ce daga mataki na sha huɗu zuwa sama su riƙa aikawa kai tsaye. Duk wanda ke ƙasa da haka, saƙonsa ya tsaya a kwando sai wani jami'i ya duba ya sake shi. Darakta ya ji maganar matakai, nan take ta kwanta masa. Ya ce Madam Talatu, jami'ar mulki da ke ofishinsa, ita za ta riƙa dubawa. Mutuniyar Ushafa ce, mai kirki, amma ita da kwamfuta gaisuwa ce kawai.

“Injiniya, ni ban san wannan abu naka ba fa,” in ji ta. “Saƙo in ta zo, a ina zan gan shi?”

“Saba za ta aiko miki da imel, Madam. Ki buɗe, ki danna nan, shi ke nan.”

“To, oga ya ce, za mu yi.”

Akwai wani abu kuma da na yi wanda ban gaya wa kowa ba. Ita saba, in ta tsare saƙo, takan sanar da mai shi cewa saƙonka yana jiran izini. Na kashe wannan. Hujjar da na ba kaina ita ce kowace irin wannan sanarwa ƙarin saƙo ne mai fita waje, ga shi muna kan gargaɗi. Gaskiyar magana kuwa, ba na son mutane su yi layi a ƙofar ofishina suna tambayata wa ya ba ni izinin tsare musu magana.

Da zan fita, Darakta ya ce a rubuta sakula a sanar da kowa sabon tsarin. Sannan ya ɗago ya ce, “Shi kuma Malam Sada, je ka gaya masa da bakinka. Shi ne babban mai hulɗa da kai, kada ya gani a takarda.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Na rubuta sakula ranar, ta shiga fayil, fayil ya hau sama neman sa hannu. Darakta ya yi tafiya. Kun san yadda fayil ke barci in mai shi ba ya gari.

Sau biyu ina zuwa wurin Malam Sada. Na farko a rajista, na same shi yana ɗaure fayiloli da zare. Ya share mini kujera da hularsa, ya ciro dabino daga aljihu ya ba ni, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Ya ce mai ɗakinsa ma ba ta jin daɗi, suna ta zaryar asibiti, ga shi ba su daɗe da komawa sabon gida a Dutse Alhaji ba, ba su san kowa ba tukuna. Na zauna da dabino a hannu ina neman ta inda zan fara. Ta yaya zan dubi mutumin da ya tsaya a kan kabarin mahaifina in ce masa addu'o'in da yake tarawa su suka jefa mu cikin baƙin littafi? Ta yaya zan ce masa daga yau matakinsa bai kai ya yi magana da jama'a ba sai da izini? Na ce, “Baba, gaishe ka na zo yi.” Ya sa mini albarka na fita.

Na biyu bayan sallar Azahar ne, muka jero daga masallaci har gindin bene. Muka yi hirar ruwan sama da cunkoson hanyar Kubwa. Da muka rabu na ce wa kaina ai sakula na nan tafe, takarda ba ta jin kunyar kowa, ita za ta faɗa masa.

Litinin da ta biyo baya Madam Talatu ta leƙo ofishina da jakarta a kafaɗa. “Injiniya, na tafi hutu fa, wata ɗaya ina Ushafa. Wannan abu naka wa zai duba ta?” Na ce kada ta damu, zan mayar da shi kaina. Aikin minti biyu ne. Kafin in juya aka kira ni ofishin shugaban hukuma, kwamfutarsa ta ƙi tashi, na wuni a can. Maganar Madam ta fice mini fit.

Makon nan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Layi ya zama fayau, kamar an yi ruwa an ɗauke. Sanarwar jarrabawa ta isa kowace jiha. Darakta ya dawo ya yaba mini a gaban mutane. Kullum da safe sai in leƙa layi in ga babu komai, in ce aiki ya yi kyau. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, a hukuma mai mutane haka, yaya za a yi mako guda ba a haihu ba, ba a yi aure ba, ba a mutu ba.

Ranar Juma'a da hantsi sakataren ƙungiyar ma'aikata ya shigo yana faɗa, wai tun Talata ya aika sanarwar taro ba ta fito ba. Na ce ya zauna, na fara tambayoyina uku ina ɗan yi masa ba'a. Ta iso saba? Ta iso. Ta hau layi? Ba ta hau ba. Rajistar saba ta ce an tsare, an sanar da mai dubawa. Mai dubawa kuwa tana Ushafa. Na buɗe kwandon. Saƙo bakwai ne a ciki, biyu daga Malam Sada, dukkansu na ranar Laraba.

Na farkon ya shigo tara saura na safe. “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Sada na rajista ina sanar da 'yan'uwa rasuwar mai ɗakina Hajara, yau da safe, bayan jinya. Jana'iza bayan sallar Azahar a gidana da ke Dutse Alhaji. Don Allah wani ya yi wa direban bas magana. Allah ya ba da ikon zuwa.” Ban taɓa ganin ya rubuta sanarwa gajeriya haka ba.

Na biyun ya shigo biyu da minti ashirin. “Ko kwatance ne ya hana? Laifina ne, na manta ban faɗa ba mun tashi daga tsohon gida. In an wuce kasuwa a kan hanyar Bwari, kwana ta biyu hannun dama, bayan mai faci. Mun roƙi liman ya ɗaga zuwa La'asar. Muna jiranku.”

Na koma rajistar saba ina neman na uku. Babu. Sakatare yana ta magana a bayana, ban san me yake cewa ba. Na tashi na sauka rajista da gudu na tambayi abokan aikinsa ina Malam. Suka ce tun Laraba bai zo ba, suna zaton yana asibiti da matarsa kamar yadda ya saba 'yan kwanakin nan. Na ce ba wanda ya kira shi? Wata a cikinsu ta ce, “Haba Injiniya, da wani abu ya faru ai shi zai fara sanarwa.”

Na hau wurin Darakta, ogana yana can. Na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Darakta ya cire tabarau ya ajiye.

“Ka gaya masa kamar yadda na ce?”

“Ban gaya masa ba, ranka ya daɗe.”

“Saboda me?”

“Kunyarsa na ji.”

Sannan ya jawo wani fayil daga ƙasan tarin da ke gabansa, ya buɗe, ya rufe. Sakulata ce, ba sa hannu. Ogana ne ya yi magana, cikin tausasa murya, don shi a ganinsa ceto na yake yi. Ya ce, “Mu ce masa netwok ne kawai. Kowa ya san halin netwok. Ba sai an tona wani abu ba.” A aikinmu netwok shi ne jakin da ake ɗora wa kayan kowa, kuma bai taɓa yin ƙara ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma a raina na ji sanyi, na kuma ji kunyar jin sanyin.

Darakta ya sa aka bi bene-bene aka faɗa da baki. Bayan an sauko daga Juma'a muka cika bas biyu. Da kwatancen saƙo na biyu muka gane gidan, ni na riƙa karanta wa direba. Abin da na fara gani a ƙofar gida bencuna ne, wajen ashirin, an jera su bisa juna a jikin bango, ruwan sama ya jiƙa su. Daga baya na ji daga makarantar Islamiyyar unguwa ya aro su saboda mu. Wani dattijo mai jiki, yayan marigayiyar, mai sayar da lemo da ayaba a kasuwar Zuba, ya tsaya yana kallonmu muna saukowa. Ya ce da na kusa da shi, ba a ɓoye ba, “Su ne mutanen ofis ɗin?”

Malam Sada yana zaune a kan tabarma a zaure. Ya rame cikin kwana biyu. Muka riƙa durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙuri? Da godiya. Allah ya jiƙanta. Amin. Yana amsawa, amma ba ya kallon fuskar kowa, kuma bai kira kowa da suna ba, shi da ya san sunan 'ya'yan kowa. Bayan addu'a ogana ya gyara murya ya ce, “Malam, wallahi netwok ne ya yi mana tsiya, saƙon bai zo da wuri ba.” Malam Sada ya kaɗa kai ya ce, “Allah ya kyauta.”

A yadda ya faɗe ta na gane bai yarda ba. Mutumin da ya shekara kusan talatin a aikin gwamnati ya san me ake nufi in an ce netwok. Shi a wayarsa ya ga an rubuta saƙo ya tafi, kuma tunda yake aikawa bai taɓa ƙin zuwa ba. A zuciyarsa mun gani, mun karanta, kowa ya ce wani zai je, yanzu kuma mun zo da uzuri. In na hau bas ɗin nan na tafi, da wannan zai zauna har ya bar duniya.

Da jama'a suka fara fita na tsaya. Na ce wa direba su tafi, zan hau ta haya. Na matsa kusa da shi na zauna a ƙasa.

“Baba, ba netwok ba ne. Ni ne.”

A karon farko ya ɗago ya dube ni. Na gaya masa komai: baƙin littafi, maganar matakai, kwando, hutun Madam Talatu, har sanarwar da na kashe don kada a dame ni. Ban rage ko ɗaya ba, don na san in na fara ragewa ba zan tsaya ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce,

“Wato babu wanda ya gani?”

“Babu, Baba. Ko mutum ɗaya.”

“Har mutanen rajista?”

“Har su. Suna zaton kana asibiti.”

Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suna rawa. Can ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya sake cewa, “Alhamdu lillahi. Kwana biyun nan ba mutuwar Hajara kaɗai nake kuka ba. Ina ta bin ku ɗaya-ɗaya a raina, ina neman wanda na ɓata wa. Na kira shugaban rajista sau ɗaya ba ta shiga ba, daga nan zuciya ta hana ni. Na ce wanda ya yi sanarwa ba ya komawa roƙo.”

Ya share ido, sannan ya ce, “Ranar da ka zo rajista, wannan maganar ce ta kawo ka?”

“Ita ce.”

“Ai na ga magana a bakinka. Na ɗauka wata buƙata ce taka, na ce in ka shirya za ka dawo. Injiniya, da ka faɗa, haushi zan ji na kwana ɗaya, in yi ta mita, sannan in karɓi lambar direba in ajiye. Me ya fi haka?” Ya ci gaba. “Na tsayar da baiwar Allah nan tun Azahar har La'asar. Liman yana ce mini ba a jinkirta gawa, yayanta yana kallona, ina cewa mutanena na hanya, bas biyu ne. Ita ba ta yi wa kowa komai ba. Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Nata kuwa ba a hannuna yake ba. Ka riƙa sa ta a addu'a.”

Na yi kuka a zauren nan kamar yaro, shi mai makoki shi ya koma ba ni haƙuri. Da zan tashi ya tambaye ni ko saƙonnin suna nan. Na ce suna nan. Ya ce, “Na biyun goge shi, ba na son kowa ya gani. Na farkon ka sake shi. Haƙƙinta ne a sanar, ko da an makara.”

Yayan marigayiyar ne ya raka ni bakin titi, domin ya riga ya ji abin da muka tattauna daga ƙofa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Da muka iso wurin mai faci ya nuna mini wani dutse a gefen kwalta ya ce, “Nan Malam Sada ya tsaya ranar, daga Azahar har aka kira La'asar. Duk farar bas da ta taho sai ya ɗaga mata hannu.”

Kafin Magariba na koma ofis na saki sanarwar Hajara. Ban gama ɗage yatsana ba ta isa ko'ina. Addu'o'i suka fara kwarara, ban tsare ko ɗaya ba. Sai dai a zaman nan na gyara saba ta riƙa fitar da saƙo kaɗan-kaɗan maimakon ta zubar gaba ɗaya, na kuma sa amsa ta riƙa komawa ga mai sanarwa sai in mutum ya zaɓi jeri da gangan. Na cire maganar matakai, na kunna sanarwar da na kashe. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma tun daga ranar ba mu sake shiga baƙin littafi ba. Maganin yana nan tun farko. Ban neme shi ba ne saboda tsare bakin ƙananan ma'aikata ya fi sauƙi, ya kuma fi burge na sama. Garin neman gira na rasa ido, sai dai idon ba nawa ba ne.

Ba a ba ni takardar tuhuma ba. Abin da ke cikin fayil ɗina na wannan shekara takardar yabo ce, saboda na dawo da imel ɗin hukuma kan hanya, kuma ta taimaka mini zuwa mataki na goma. Malam Sada ya dawo aiki bayan mako biyu, ya ci gaba da gaishe ni kamar da, amma bai ƙara aika sanarwa da hannunsa ba. Sai ya rubuta a takarda ya hauro bene ya miƙo mini, ya tsaya a bayan kujerata har sai ya ga ta shigo wayarsa, sannan ya ce na gode ya sauka. Haka muka yi har ya yi ritaya ya koma Katsina. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma kowace haurowa tasa sai na ji ta a ƙirjina.

Abin da na koya a aikin nan guda biyu ne, kuma ba a kwas na koye su ba. In na'ura tana kuka, da sauƙi, za ta nuna muku inda ke ciwo. Ranar da kuka ga komai ya yi tsit, ku tashi ku bincika bakin wa kuka rufe. Na biyun ya fi wuya, don ba a kwamfuta yake ba. Mu an raine mu da jin nauyin manya, kuma abu ne mai kyau, amma abin da na kira kunyar Malam Sada ba shi na kare da ita ba, kaina na kare. Na guje wa minti biyar na zama gaban dattijo yana ɓata rai. Minti biyar ɗin nan shi ya biya su, a tsaye a bakin hanyar Bwari yana ɗaga wa motocin mutane hannu, matarsa tana kwance cikin likkafani tana jiranmu.